Kora daga aiki: Yadda gaggawar zuwa kotu ke cinye haƙƙin ma'aikata a Garwa

Safiyar Litinin ce, farkon watan Satumba na 2019, ranar da yara suka koma makaranta bayan dogon hutu. Na iso ƙofar wata makarantar firamare mai zaman kanta a nan Garwa, inda na shekara shida ina koyarwa, jakata cike da shirin darasin makon farko. Maigadi ya tare ni, yana ta sunkuyar da kai. "Malam, direkta ya ce ka jira shi a nan."

Da direkta ya fito bai ja zance ba. "Malam, mai makaranta ya ce bana ba ka cikin jadawali. Ka je ka huta, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, takarda fa?"

Ya ce, "Wace takarda kuma? Ai mun gama magana."

Na san laifina. A taron malamai na watan Mayu na ɗaga hannu na tambayi dalilin da ya sa ba a biya mu albashin wata biyu ba, da kuma dalilin da ya sa har lokacin ba a yi mana rajista a asusun CNPS ba. Tun daga ranar gaisuwar mai makaranta ta sauya.

A daren ban runtsa ba. Matata na da tsohon ciki, ga kuɗin haya na jira. Washegari na hau babur sai kotu, da takardar ƙara shafi uku wadda na rubuta da hannuna, da Faransancin da na koyo a makarantar horon malamai ta ENIEG. Magatakardan kotu ya karɓa ya duba sama-sama, ya ɗago kai ya ce, "Ina takardar sufeton ƙwadago?" Na yi shiru. Ya maimaita da Fillanci, a zatonsa Faransancin ne ban ji ba. Daga nan ya miƙo mini takardata, ya ce, "Malam, ka tsallake ƙofa. Je ka wurin sufeto tukuna. In sulhu ya gagara, shi zai ba ka takardar da za ka dawo nan da ita."

Wallahi a ranar na ɗauka baki suka haɗa da mai makaranta. Sai daga baya na gane cewa mutumin nan alheri ya yi mini. Ni safiya ɗaya na yi asara da kuɗin babur. Wani dattijo da zan ba ku labarinsa a gaba, kuskure irin wannan ya cinye masa aikin shekara goma sha tara.

Mu a nan muna sauraron rediyo safe da yamma, muna jin "wane ya maka gwamnati a kotu", "wane ya garzaya kotu", sai mu ɗauka da an kore ka kotu ce zangon farko. A dokar Kamaru akwai ƙofar da dole ka ƙwanƙwasa kafin ta alƙali, kuma kowace ƙofa tana da wa'adinta. Ni ba lauya ba ne, malamin makaranta ne da wuya ta koya wa karanta doka. Abin da na koya shi ne zan shimfiɗa a nan.

Fara sanin wane irin ma'aikaci ne kai

A makaranta ɗaya ta gwamnati za ka iya samun malamai uku suna shan shayi a inuwa ɗaya, amma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Akwai cikakken ma'aikacin gwamnati, wanda muke ce wa fonksiyone. Shi dokar da ke kansa ita ce ƙa'idar aikin gwamnati ta ranar 7 ga Oktoban 1994, mai lamba 94/199. Akwai ɗan kwantiragi, wanda gwamnati ce ke biyansa amma dokar ƙwadago ce ke kansa. Sannan akwai malamin da iyayen yara ke haɗa kuɗi su biya, wanda galibi ko takardar ɗaukar aiki ba shi da ita.

Malaman makarantu masu zaman kansu, ko na Islamiyya da ake ce wa faranko-arab, ko na Katolika, ko na Furotestan, ko na 'yan kasuwa, duk suna ƙarƙashin dokar ƙwadago, wato doka mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agustan 1992. Haka ma direban kamfani, da ma'aikacin gidan mai, da nas ɗin asibiti mai zaman kansa, da maigadi.

Wannan rabe-rabe shi ne tushen komai. Wanda dokar ƙwadago ke kansa, hanyarsa ta bi ta ofishin sufeton ƙwadago sannan kotun da ke sauraron rigingimun aiki. Fonksiyone kuwa hanyarsa ta bi ta takardar koke zuwa ga hukumar da ta kore shi, sannan kotun ƙararrakin gwamnati, wadda ake kira tribunal administratif. Ɗan kwantiragin da ya kai ƙarar kora kotun ƙararrakin gwamnati don kawai gwamnati ce ke biyansa, ya ɓata hanya tun daga gida.

Ƙofar sufeton ƙwadago

Sashe na 139 na dokar ƙwadago ya ce ma'aikaci ko mai gidansa, dole ne ya nemi sufeton ƙwadago ya sasanta rigimar cikin lumana. Sufeto zai kira ɓangarorin biyu. In aka daidaita, sai a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu, shugaban kotu ya tabbatar da ita, daga nan ta zama tamkar hukunci wanda za a iya tilasta zartarwa. In ba a daidaita ba, ko aka daidaita a kan wasu abubuwa aka bar wasu, sai sufeto ya rubuta takardar da ke shaida hakan, wadda ake kira procès-verbal de non-conciliation. Sashe na 140 kuma ya ce ƙarar da aka shigar ba tare da kwafin wannan takarda ba, ba a karɓarta. Abin da magatakarda ya faɗa mini ke nan a taƙaice.

Na je ofishin ƙwadago na shigar da kokena, aka sa mana rana. A ranar ne na ga illar kuskurena na biyu. Wakilin makaranta ya zo da fayil, ya ce wa sufeto, "Ranka ya daɗe, mu ba mu kori kowa ba. Shi ne ya daina zuwa aiki tun ranar da aka koma hutu. Ga ƙa'idar cikin gida ta makarantarmu, ta ce duk malamin da ke da ƙorafi ya rubuto wa kwamiti. Ko layi ɗaya bai rubuto mana ba."

Gabana ya faɗi. Kora ta baka aka yi mini a bakin ƙofa, ba ni da ko ƙyallen takarda. Da a ce washegarin ranar na rubuta wa mai makaranta cewa an hana ni shiga aji ranar kaza, ina neman a mayar da ni ko a ba ni dalili a rubuce, na kai aka buga mini hatimin karɓa, da wannan magana tasu ba ta da wurin zama. Abin da ya cece ni saƙon WhatsApp ne da direkta ya turo mini a daren, yana ba ni haƙuri yana cewa ba daga shi ba ne, da kuma abokan aiki biyu da suka yarda su faɗi abin da suka gani.

A nan akwai abin da ya kamata a bambance. Dokar ƙwadago ba ta ce sai ka bi kwamitin cikin gida na makaranta ko na kamfani kafin ka je wurin sufeto ba. Wajibin shi ne sufeto kafin kotu. Amma takardar da ka rubuta wa mai gidanka ita ce shaidarka ta farko, ita ke nuna ba guduwa ka yi ba. Sannan duk wurin aikin da ke da ma'aikata 20 ko fiye, doka ta tanadi wakilin ma'aikata, wanda aikinsa ne ya kai kokenka gaban mai gida, kuma shi kansa ba a korarsa sai da izinin sufeton ƙwadago. Rigingimu da yawa a nan suke mutuwa ba tare da kowa ya ga alƙali ba.

Sufeto ya ɗauki biro ya yi mana lissafi a gabanmu. Doka ta ce kora sai a rubuce, tare da faɗin dalili, kuma sai an ba da wa'adi, wanda ke kamawa daga kwana 15 zuwa wata 4 gwargwadon matsayin ma'aikaci da daɗewarsa, in ba babban laifi ya yi ba. Wanda ya kai shekara 2 a wurin aiki yana da kuɗin sallama: kashi 20 cikin 100 na albashin wata a kan kowace shekara daga ta 1 zuwa ta 5, kashi 25 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 30 daga ta 11 zuwa ta 15, kashi 35 daga ta 16 zuwa ta 20, kashi 40 daga ta 21 zuwa sama. Albashina sefa 50,000 ne. Shekara shida ta ba ni sefa 62,500. Wa'adin wata biyu da ba a ba ni ba, 100,000. Albashin da nake bi, wani 100,000.

Sai maganar diyya. Sashe na 39 ya ce idan kotu ta tabbatar korar zalunci ce, diyyar ba za ta gaza albashin wata 3 ba, ba kuma za ta wuce albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki ba. Wato ko da na yi nasara a gaban alƙali, abin da zan ƙara samu yana tsakanin 150,000 da 300,000. Kuma abin da doka ta tanada wa irina diyya ce, ba mayar da ni aji ba. Ni da na kwana ina mafarkin miliyoyi da ranar da zan koma makarantar ina taƙama, jikina ya yi sanyi.

A zama na biyu muka daidaita. Suka yarda su biya 262,500 ɗin nan kashi biyu, suka ƙara albashin wata biyu a sama, suka ba ni takardar shaidar aiki. Cikin mako bakwai an gama. Kuɗin farko da su aka yi hidimar suna.

Wanda nasa sulhun ya gagara, hanyar kotu a buɗe take, kuma doka ta ce shari'ar rigimar aiki kyauta ce, a matakin farko da na ɗaukaka ƙara. In abin da kake nema bai wuce sefa miliyan 10 ba, ƙaramar kotu ce, tribunal de première instance. In ya wuce, babbar kotu ce, tribunal de grande instance. Alƙali yana zama tare da mataimaka biyu, ɗaya daga ɓangaren ma'aikata, ɗaya daga ɓangaren masu ɗaukar aiki. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 15 ne kacal. Neman albashin da aka riƙe maka kuma yana da iyakar shekara 3.

Abin da ya sami Baffa

Baffa nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. A ajinsa na yi gwajin koyarwa lokacin ina ENIEG, shi ya koya mini yadda ake riƙe aji mai yara fiye da ɗari ba tare da bulala ba. Fonksiyone ne. Aka tura shi wani ƙauye a yankin Mayo-Rey, inda da damina hanya kan yanke. Can ciwo ya kama shi, 'yan'uwa suka ɗauke shi suka kai shi Ngaundere, ya yi watanni yana jinya. Takardun likita ya ba wani ɗan'uwa ya kai ofis, ɗan'uwan ya miƙa hannu da hannu, bai karɓi shaidar komai ba. Takardar gargaɗin da aka aika wa Baffa kuwa ƙauyen ta tafi, shi yana kwance a asibiti.

Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ma'aikacin da ya bar wurin aikinsa kwana 30 a jere, aka yi masa gargaɗi bai dawo ba, ana iya korarsa kai tsaye ba tare da an kai shi gaban majalisar ladabtarwa ba. Abin da ya faru ke nan. Albashi ya tsaya, daga baya takardar kora ta iso.

Baffa na da gaskiya, yana kuma da hujja: katin asibiti, rasiɗin magani, komai na nan a leda. Wannan ne ma ya ba shi ƙarfin gwiwa. Ko wata ɗaya ba a yi ba ya sami wani mai rubuta wa mutane takardu, suka tsara ƙara suka shigar a kotu. Na tuna na ce masa, "Baffa, an ce fa akwai takardar da ake fara rubuta wa hukuma." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wanda ya kore ni shi zan koma in roƙa? Alƙali zai raba mu." A lokacin ni ma ban san nauyin abin ba, sai na yi shiru. Har yau wannan shirun yana damuna.

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara. Ranar hukunci ko ledar takardun asibitin ba a buɗe ba. Kalma ɗaya aka faɗa, irrecevable, wato ƙarar ba ta karɓuwa, saboda bai fara rubuta wa hukuma takardar koke ba. Da ya juya zai rubuta takardar, aka ce masa wa'adinta wata 3 ne daga ranar da aka sanar da shi korar, kuma shigar da ƙara a kotu bai tsayar da wannan agogo ba. Ƙofar da ya raina ta rufe tun yana zaman jiran alƙali. Sauri ya haifi nawa. Yanzu Baffa yana koyar da 'ya'yan mutane darasin yamma gida-gida.

Agogo uku

Dokar da ta kama Baffa ita ce mai lamba 2006/022 ta ranar 29 ga Disamban 2006, wadda ta tsara kotunan ƙararrakin gwamnati. Sashe na 17 ya ce kotu ba ta karɓar ƙara sai bayan an yi watsi da takardar koke da aka aika wa hukumar da ta yanke shawarar, ko wadda doka ta ba ikon wakiltar ma'aikatar. Sunan wannan takarda recours gracieux préalable. Ba sabon abu ba ne, tun dokar 1972 yake nan. Kuma alƙali na iya tayar da maganar da kansa, ko da lauyan gwamnati bai ambata ba.

Agogo na farko: kana da wata 3 daga ranar da aka sanar da kai korar, ka shigar da takardar koke. Agogo na biyu: hukuma na da wata 3 ta ba ka amsa, in ta yi shiru har suka cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. Agogo na uku: daga ranar da aka ƙi, a rubuce ko ta hanyar shiru, kana da kwana 60 ka shigar da ƙara a kotu.

Ga misali. An miƙa maka takardar kora ranar 10 ga Janairu. Ka kai kokenka ranar 1 ga Fabrairu, aka buga maka hatimi. Ba amsa har 1 ga Mayu. Daga nan kwana 60 suka fara, za su ƙare a ƙarshen Yuni. In ka je kotu a Maris, ka yi sammako, za a ce ba ka jira amsa ba. In ka je a Agusta, ka makara.

Akwai wasu tarkuna biyu. Na farko, wa ka rubuta wa? Takardar da ka kai wa direktan makarantarku ko sufeton ilimi na gunduma, alhali ba su suka sa hannu a korar ba, ba ita doka ke nufi ba. Duba ƙasan takardar korar ka ga wanda ya sa hannu. Na biyu, me ka nema? Abin da ka nema a takardar koke shi ne iyakar abin da za ka nema a kotu. In kana son a soke korar, a biya ka albashin da ya tsaya, a ba ka diyya, to ka rubuta su duka tun a can.

A da, mai irin wannan ƙara sai ya tafi Yawunde, sashen ƙararrakin gwamnati na Kotun Ƙoli. A 2012 aka kafa kotunan a manyan biranen jihohi goma, saboda haka akwai ɗaya a Garwa, ɗaya a Marwa, ɗaya a Ngaundere. Mutumin Gidar ko Poli ko Colire ya huta da doguwar tafiya. Sai dai kusancin kotu bai ɗauke sharaɗin takardar koke ba.

Wannan magana ba ta mutum ɗaya ba ce. A 2018 Ma'aikatar Kuɗi ta yi ƙidayar ma'aikatan gwamnati ido da ido, wadda aka sani da COPPE, don tsame sunayen waɗanda ke karɓar albashi ba sa aiki. Bayan haka Ma'aikatar Kula da Aikin Gwamnati, ƙarƙashin minista Joseph Lé, ta sanar da korar ɗaruruwan ma'aikata a 2021, sannan fiye da dubu ɗaya a ƙarshen 2024. Kowa ya san akwai malaman da suka tafi Kanada suka bar aji ba kowa, kuma yaran da aka bari su ma suna da haƙƙi. Amma duk wanda ya ga sunansa a irin wannan jeri alhali yana da uzuri na gaskiya, agogunan nan uku ne za su fara yanke masa hukunci kafin kowane alƙali.

Adalci ne kuwa?

Tambayar Baffa ba ta banza ba ce. Yaya za a ce wanda ya kore ka shi za ka fara kai wa kuka? Kuma mai iyali da albashinsa ya tsaya, ka ce ya jira wata uku na shiru, da me zai ciyar da gida? Ni kaina ina ganin hukuncin ya yi tsauri. Mutumin da ya ɓata hanya saboda rashin sani, kamata ya yi a nuna masa hanya tun ranar da ya kawo takarda, kamar yadda aka yi mini, maimakon a bar shi shekara guda sannan a ce masa ya makara. Da ma a ce kowace takardar kora tana ɗauke da layi biyu a ƙasa, masu faɗin inda za a kai koke da kuma wa'adinsa.

Amma tsarin yana da dalilinsa. Kora da yawa kuskuren takarda ne: fayil ya ɓata, lambar ma'aikaci ta yi kama da ta wani, takardar likita ba ta isa inda ya kamata ba. Irin wannan, wanda ya sa hannu zai iya gyara shi da sa hannu ɗaya, ba sai an shekara ana shari'a ba. Da ledar Baffa ta isa teburin da ya dace cikin wata ukun nan, wataƙila da yanzu yana ajinsa. Ga mai gaggawa kuma doka ta bar taga: takardar koke ba ta dakatar da korar, amma wanda ya riga ya shigar da ita zai iya roƙon shugaban kotu ya dakatar da zartar da shawarar in za ta jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ba kowa ake ba ba, amma hanya ce.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Ingila tun 2014 mai son kai ƙarar kora sai ya fara sanar da hukumar sasanta rigingimun aiki ta ACAS. A Najeriya, inda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa shari'un aiki a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, in dokar da ta kafa ma'aikata ta shimfiɗa matakan ƙorafi na cikin gida, alƙalai kan tambayi mai ƙara ko ya bi su. Sannan akwai yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda Nijar ta amince da ita a 1985, Kamaru a 1988. Ita ta ce kada a kori ma'aikaci saboda halinsa ko aikinsa sai an ba shi damar kare kansa, kuma yana da haƙƙin kai kuka gaban wanda ba ya cikin rigimar. Wato haƙƙin zuwa kotu yana nan daram, bi da bi ne kawai.

Roƙon manya ba ya tsayar da agogo

Akwai kishiyar kuskuren Baffa, kuma ita ta fi yawa a cikinmu. An kori mutum, sai ya tafi wurin liman, liman ya kai shi wurin mai unguwa, daga nan a nemi wani babba da ya san wani babba a Yawunde. Kowa ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, za a duba." Wata uku su wuce ana za a duba. Ban raina wannan hanya ba, sulhun manya ya mayar da mutane da yawa bakin aiki, kuma ni ma a rigimata wani dattijon unguwarmu ya sa baki. Amma alƙali ba zai tambaye ka wa ka gani ba, hatimi da kwanan wata zai nema. Ka kai takardarka a buga maka shaidar karɓa, sannan ka je ka gaida manya da kwafin a aljihu. Wasu na jin kunyar rubuta takarda, wai kamar rashin kunya ne ga na gaba. Takardar koke da ladabi ake rubuta ta, ba ta zagin kowa.

Tun daga lokacin, duk abokin aikin da ya zo mini da irin wannan matsala, abin da nake faɗa masa bai wuce wannan ba. Rubuta ranar da aka sanar da kai, a kan takardar kanta. In kora ta baka ce, ka rubuta wa mai gidan cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk takardar da za ka miƙa, ka yi kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a naka. In aka ƙi karɓa, akwai ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, wanda ake ce wa hushiye, shi zai kai ya rubuta shaida. In an ba ka takardar neman bayani a wurin aiki, ka amsa ta a rubuce, kada fushi ya sa ka yi banza da ita. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. Kafin ka biya mai rubuta takardu a bakin kotu, ka nemi lauya ko wakilin ƙungiyar malamai ka tambaye shi abu ɗaya: wace ƙofa ce tawa ta farko, kuma kwana nawa suka rage mini?

Kwanan baya na haɗu da Baffa a Yelwa bayan la'asar, yana tura tsohon kekensa zai je wani gida darasi. Muka gaisa, na ce masa zan rubuta labarinsa ba tare da suna ba. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Rubuta, ɗana. Ka kuma faɗa wa masu horar da malamai su ware ko awa biyu su koya wa yaran nan wannan abu kafin su ba su takardar shaida. Mun koyi yadda ake tsara darasi, ba wanda ya koya mana yadda ake kare aikin." Ledar takardun asibitin tana nan a gidansa har yau, ba wanda ya taɓa karanta su.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya tsare mana hanyar abincinmu.